Ka Je Gidan Baffanka da Yunwa

Zuwa ga ɗana Tijjani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗansa, ina roƙon Allah Ya sa ka sauka lafiya, motar da ta ɗauke ka daga Wudil ta ajiye ka a Kano ko ƙaya ba ta taɓa tayarta ba. Allah Ya tsare gabanka da bayanka, Ya haɗa ka da maƙwabta nagari, Ya raba ka da abokin da zai kai ka ya baro. Babarka tana gaishe ka. Ita ce ma ta cusa takardar nan a ƙasan jakarka, tsakanin ƙullin yaji da kwalbar man shanu, don haka gaisuwarta ta riga tawa isa.

Na san za ka yi mamaki. Gida ɗaya muke kwana, me ya hana in faɗa maka da baki? Na gwada. Sau nawa a makon nan ina kiranka zaure, idan ka zo ka durƙusa sai in tambaye ka ko an ba akuya ruwa. Akuyar nan ta sha ruwa har ta gode Allah. Ni da na yi shekaru ina tsayawa gaban aji ina magana har muryata ta dushe, sai ga shi magana ɗaya ta gagare ni a gaban ɗana.

Ka sami aiki a ofishin sabon ɗan majalisarmu, kuma na yi murna, Allah ne shaida. Sojoji sun koma bariki, farar hula sun dawo, kowa ka gani bakinsa har kunne. Amma ni na taɓa ganin irin wannan dawowar, shekara ashirin da suka wuce, lokacin kana ɗan ƙarami kana bin kaji a tsakar gida, kuma ta ci mini abin da har yau ban iya dawo da shi ba. Tun ranar da ka shigo gidan nan da hoton jam'iyya manne a jikin babur ɗinka, gabana yake faɗuwa. Azumi ya matso, bayansa sai Sallah, kuma wannan ce Sallar farko da za ka yi a birni ba na kusa. A kan wannan yini ɗaya nake so mu yi magana.

Kana yaro ka taɓa tambayata me ya sa idan muka je gidan Baffanka Habu a Yakasai ruwa kawai ake kawo mana, alhali ƙanshin miya yana dukan hanci. Na ce maka haka mutanen birni suke. Ƙarya na yi maka, kuma na yi wa mutanen birni ƙazafi.

Yaya Habu shi ya riƙe ni. Babanmu ya rasu ina ɗan firamare, shi kuwa gemunsa bai gama fitowa ba. Ya bar gona ya tafi Kano ya koyi wankin hula, da wannan sana'a ya tsaya mini har na gama makarantar horon malamai. Hannunsa duk ya tsattsage da sabulu da sitaci, ni nawa sai alli. Bai taɓa kirana da sunana ba, Auta yake ce mini. Abin da ya ɗauka na gado guda ɗaya ne, wato baƙin akushin Babanmu. Muka mai da shi al'ada: duk Ƙaramar Sallah, in na sauko daga idi a nan Wudil sai in hau mota, in riƙo masa busasshen kifi na bakin kogi. Matarsa, Yaya Hajjo, takan tuƙa tuwon shinkafa ta zuba a akushin, da miyar taushe a gefe. Ba ya buɗewa sai na iso. Mu biyu za mu sa hannu, shi daga wannan gefe ni daga wancan, kamar yadda muke yi a gaban Baba.

Shekarar da nake ba ka labari an gama zaɓe ke nan, sojoji na shirin miƙa mulki. Ni ina wata jam'iyya, Yaya yana wata. Tawa ta yi nasara a jiha, tasa ta sha kaye. Ku yaran yanzu kuna ganin kun san zafin siyasa, to ba ku ga komai ba. A lokacin an yi wanda ya daina gaisa da surukinsa, an yi wanda ya canja masallaci, an yi gidajen da idan maƙwabci ɗan wata jam'iyya ya aiko da tuwo sai a mayar da kwanon a rufe. Ni da Yaya dai muna tsokanar juna ne kawai. Yakan ce kan 'yan jam'iyyarmu ya fi na kowa datti, shi da yake wanke hulunan ya sani.

Ranar Sallar damina ce, gari ya yi luf, an yi ruwa da asuba ya ɗauke. Na sa sabuwar shadda ruwan toka, na ɗauki ƙullin kifi, na tsallaka gada ina kallon kogi ya cika ya batse. Kafin rana ta take na sauka a tasha a Kano. Daga nan zuwa gidan Yaya ba nisa, da na sa kai da ƙafa ma da na isa tuwo bai huce ba. Ina gyara hula sai na ji an danna ƙaho a bayana. Isiyaku ne, abokina tun makarantar malamai, a kan sabuwar basfa.

Ya ce, "Kai Sale, ashe ana ganinku? Hau mu je Fagge ka gai da Hajiya, kullum sai ta yi cigiyarka."

Na ce, "Yaya na jirana."

Ya ce, "Haba, Yakasai guduwa za ta yi? Gaisuwa ce kawai, ko takalmi ba sai ka cire ba. Ni da kaina zan kai ka har ƙofar gida."

Na hau. Wannan shi ne kuskurena na farko, kuma ka lura babu mugu a cikinsa. Isiyaku bai nufe ni da sharri ba, gai da tsohuwa kuma lada ne. To ka riƙe wannan, Tijjani: ranar Sallah ba mugunta ce take ɓatar da mutum ba, alheri ne da aka sa shi ba a gurbinsa ba. Zumunci yana da sahu kamar salla. Wanda ya fi kowa haƙƙi a kanka shi ne na farko, ko da gidansa ne a ƙarshen gari, ko da hirarsa ce ta fi ta kowa rashin daɗi. Duk wanda ya ce maka "yanzu za mu dawo", ka gode masa, ka ce in ka fito daga gidan Baffa za ka neme shi.

Mahaifiyar Isiyaku ba ta san gaisuwar tsaye ba. Kafin in gama "an yi Sallah lafiya" an shimfiɗa darduma, an dire waina mai zafi da miya tana tururi. Mutumin da ya yi wata guda yana azumi, ka ajiye masa wannan a gaba da rana tsaka, ai sai abin da hali ya yi. Na ce zan ɗanɗana guda biyu don kada ta ji babu daɗi. Ban san inda sauran suka shige ba.

Da muka fito sai na tuna Inna Kande, ƙanwar mahaifiyarmu, tana nan kusa. Na ce a raina, yaya za a ce na zo har Fagge ban leƙa ta ba? Muka je. Ta rungume ni tana hawaye, ta ce ina tafiya kamar marigayiya yayarta, ta kawo funkaso da zuma. Na ce na ci abinci. Ta ce, "A gidan wa? Ni da na goya ka za ka ce wa ka ƙoshi?" Na ci. Daga nan Isiyaku ya ce ai Yohanna, wanda muka yi ɗaki ɗaya da shi a makaranta, yana Sabon Gari, kuma matarsa ta haihu. Yohanna ba Sallarsa ba ce, amma ya rantse ba za mu fita ba sai mun taya shi cinye shinkafar da maƙwabtansa Musulmi suka cika masa gida da ita. Muka zauna ƙarƙashin bishiyar mangwaro, ya kunna rediyo, muka tuno malaminmu na lissafi da yake barci a tsaye, muka yi dariya har cikina ya ƙulle.

Ba zan ɓoye maka ba, ban taɓa jin daɗin yini kamar wannan ba. Gari ya yi sanyi, yara sun yi ado suna yawo hannu riƙe da hannu, 'yan mata da lalle, duk inda ka juya barka da Sallah. Babu aji, babu hedimasta, babu mai ce mini lokaci ya yi. Iska tana kaɗa rigata a bayan basfa, ina jin kamar ni ne na sayi Kano. Yaya yana faɗo mini a rai, sai in ce ai yana gida, ina za shi? Ido wa ka raina, in ji masu magana, ya ce wanda nake gani kullum. Na ɗauka haƙurin Yaya rijiya ce da ba ta ƙafewa.

Ga shawarata a nan, kuma na san za ka yi dariya, domin cikinka irin nawa ne, babarka shaida ce. Ka koyi cin abincin baƙunta. Mutanenmu ba sa yarda da "na ƙoshi", gaskiya ne, amma suna yarda da "Baffana bai karya ba, yana jirana". Babu tsohuwar da za ka faɗa wa haka ta riƙe ka, ita ce ma za ta kore ka da hannunta ta ce maza ka tafi. Ni ban faɗa ba, domin ba na so a kore ni. Kwaɗayi ne, ba wai kara ba, ko da yake na daɗe ina kiransa kara.

Bayan azahar Isiyaku ya ce mu biya ta majalisarsu, 'yan jam'iyyarmu suna shagalin nasara. Aka tarbe mu da tafi, ana "ga malamin Wudil, ga malamin Wudil". Ni da ban taɓa jin an yi mini tafi ba, sai kaina ya kumbura. Ga tsire, ga fura da nono mai sanyi. Wani ya hango ƙullin da ke hannuna ya ce, "Malam, ƙanshin nan kifin Wudil ne ko?" Don a ce na isa, sai na kwance na baje musu. Kafin ka ce kwabo sai ƙayoyi. Wani saurayi kuma ya zo ya maƙala mini bajon jam'iyya a ƙirji, irin na ƙarfe mai allura a baya, aka sake tafi. Na jingina da bango don in huta, ciki ya yi nauyi, barci ya kwashe ni.

Tijjani, abin da aka ɗaura da sunan wani ba naka ba ne, ko da kai ka saya. Kifin nan tun daga bakin kogi na Yaya Hajjo ne, ta saba ajiye gurbinsa a miyar washegari. Na ba da shi ga mutanen da yau ko sunan ɗaya ban riƙe ba. Kuma ka ji tsoron wurin da ake yi maka tafi ba ka yi komai ba. Mai gidanka ɗan majalisa zai yi taron Sallah, za a yi shinkafa, za a raba huluna da riguna masu hoto, za a ce duk yaran ofis su hallara tun safe. Ba na ce ka ƙi aikinka ba. Ka same shi tun kafin Sallah, cikin ladabi, ka ce kana da tsoho a cikin gari da za ka fara gaisarwa, da yamma za ka zo. In mutumin kirki ne zai ƙara ganin girmanka. In kuwa ya ɓata rai, to ka san irin wanda kake yi wa aiki tun da wuri.

Kiran sallar la'asar ma bai tashe ni ba, sai yayyafi da ya fara sauka a fuskata. Na zabura, na yi salla a gurguje, na nemi Isiyaku aka ce ya ɗauki wani ya kai shi unguwa. Haka na taka da ƙafa, ina tsallake kwatoci da taɓo, shaddata duk ta jiƙe. Rana ta yi ja lokacin da na shiga lungun su Yaya.

Yana zaune a zaure cikin rigarsa ta Sallah, bai ko cire ba. An tattare kawunan iccen da yake kifa huluna a kai an jera su a gefe, an share wurin tas, an shimfiɗa sabuwar tabarma. Akushin yana gabansa da faifai a rufe. Miyar ta huce har man ya daskare a sama. Daga baya na ji cewa ban da dabinon da ya ci kafin idi babu abin da ya shiga bakinsa, kuma tun da hantsi wani maƙwabcinsa ya ce masa ya gan ni a bayan basfa an nufi Fagge da ni. Mutumin da ya gama azumin wata guda, na sa shi ya ƙara wani a ranar da Allah Ya hana azumi.

Bai yi faɗa ba. Ya ce, "Auta, ka iso? Ya hanya? Ya su Tijjani da babarsa?" Na amsa kaina a ƙasa. Yaya Hajjo ta leƙo daga bayan labule ta ce, "Sannu da zuwa, ɗan Wudil. Ina kifina?" Na ce bana ruwa ya yi yawa, masunta ba su samu ba. Ta ce Allah Ya kai mu baɗi.

Yaya ya turo mini ruwan wanke hannu, ya yi bisimilla, ya ɗaga faifan. Na yanko loma ɗaya na kai baki. Wallahi, Tijjani, ta tsaya mini a maƙogwaro, gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Waina da funkaso da shinkafa da tsire da fura duk suna nan sun tare hanya. Na haɗiye da ƙyar, idona ya kawo ruwa. Na san in na ƙara ta biyu abin kunya zai faru a kan sabuwar tabarma. Sai na tsame hannu na ce, "Alhamdu lillahi."

Yaya ya tsaya da lomarsa a hannu. Ya dubi fuskata, sannan idonsa ya sauka a ƙirjina. Sai a lokacin na tuna da bajon.

Ya ce, "Su ne suka ce kada ka ci?"

Na ce, "Su wa, Yaya?"

Ya ce, "Waɗanda ka rataya a ƙirji. Na ji an ce yanzu ba kwa cin tuwon gidajenmu. Ban ɗauka abin zai zo har kan akushin Baba ba."

Ka ga, a nan ne Allah Ya buɗe mini ƙofa, ni kuma na rufe ta da hannuna. Abin da ya kamata in ce ba shi da tsawo: Yaya, ba siyasa ba ce, cikina ne ya kai ni ya baro, na bi gidaje na cika shi, ka yafe mini. Da ya zage ni, da ya ce mini sakarai, wataƙila ma ya yi dariya, a ɗumama mana tuwon da safe. Amma kunya ta hana ni in ce na fifita wainar wasu a kan tuwonsa. Kunyar kuma ta juye ta zama fushi, don fushi ya fi sauƙin ɗauka. Na ji bakina yana cewa, "Yaya, kai komai sai ka sa siyasa. Haushin kayen da kuka sha ne kake hucewa a kaina."

Ya mayar da lomar cikin akushi. Ya ɗauki faifai ya rufe a hankali. Ya ɗaga murya kaɗan ya ce, "Hajjo, zo ki ɗauke. Ki kawo wa Malam ruwa."

Tun daga ranar ban sake jin Auta a bakinsa ba. Malam nake. Yana gaishe ni gaisuwa cikakkiya, yana tambayar gona da iyali, ya zo sunan ƙannenka duka, ya tsaya a kan gawar Inna Kande kafaɗarsa tana gugar tawa. Amma hannuna da nasa ba su sake haɗuwa a kwano ɗaya ba.

Ɗana, in ka yi laifi ka faɗi laifin da ka yi, da sunansa, tun yana ɗanye. Kada ka bar mutum da zaton da ya fi laifinka muni don kawai kana jin kunyar ƙaramin. Ni na gwammace Yaya ya ɗauke ni maci amana da ya ɗauke ni mai kwaɗayi, ka ji wautar mai ilimi. Kuma duk abin da jam'iyya ta ba ka na sawa, hula ce ko riga ko bajo, ka cire shi kafin ka shiga zauren dangi. Jam'iyyar da na yi wannan rashin kunya dominta ba ta yi ƙarko ba, sojoji suka dawo suka rushe ta da ta Yaya gaba ɗaya. Isiyaku ma, Allah Ya jiƙansa, tun kafin nan ya sauya sheƙa ya koma ta su Yaya. Bajon kuwa kai ka yi wasa da shi har allurar ta soke ka a yatsa, babarka ta jefa shi a masai.

Saura kuskure ɗaya, shi ne mafi tsawo, don shekara ashirin na yi ina tafka shi. Da Sallah ta zagayo ban iya zuwa ranar idi ba. Na ce me zan je in yi, a kawo mini ruwa a kofi ina kallon inda akushi yake zama? Sai na bari sai rana ta uku, lokacin da ba a zancen tuwon Sallah. Shekara ta gaba ma haka, har ya zama sabuwar al'ada, wadda kai ka taso ka tarar. Ina aika masa da shinkafa in an yi girbi, yana aiko da godiya. Ina aika hulunana, yana wankewa ya dawo da su sun fi na kowa ƙyalli. Na riƙa gaya wa kaina ai kyauta ma ban haƙuri ce. Ba ita ba ce. Buhu ba ya magana, kuma ni ban taɓa buɗe baki na ce masa ga abin da ya faru a ranar nan ba.

Watan jiya Yaya Hajjo ta zo ta'aziyya Lajawa, ta kwana a gidanmu, ka tuna. Bayan ta tafi babarka ta same ni a gona, abin da ba ta saba ba. Ta ce Hajjo ta faɗa mata magana, ta ce Yaya ya hana ta faɗa tun tuni, amma yanzu tsoro ya kama ta. Idonsa ya kusa tafiya, ya bar wankin hula, ƙafafunsa suna kumbura, abinci ma sai an lallaɓa shi. Sannan ta ce duk shekarun nan, babu Ƙaramar Sallar da ta wuce bai sa an zuba tuwo a akushin nan ba. Yakan sa a share zaure, ya zauna da rigarsa, akushi a rufe a gabansa. In an yi la'asar sai ya ce a miƙa wa maƙwabta.

Na zauna a kan kunya, fartanya a hannuna. Ni ina nan Wudil ina cin tuwona ina cewa ya rufe mini ƙofa, ashe shi yana can yana sauraron takun ƙafa a lungu.

Babarka ta ce me zai hana in tafi gobe-goben nan. Gaskiyarta, kuma kullum da wannan tunani nake kwana, don ban san ko zai kai Sallar ba, ni ma ban san ko zan kai ba. Sau biyu ina zuwa tasha ina dawowa. Ina tsoron in je ranar da babu akushi, ya ce a kawo wa Malam ruwa, maganar ta sake maƙale mini kamar lomar nan. Ka ga ubanka yadda yake, ba jarumi ba ne.

Don haka ga abin da nake roƙonka, roƙo ba umarni ba. Da azumi ka riƙa zuwa wurinsa duk Juma'a, ka riƙe masa hannu zuwa masallaci, ka aiko mini da yadda jikinsa yake ta hannun direbobin tasharmu, kada ka rage komai don ka kwantar mini da hankali. Ranar Sallah kuwa, daga filin idi kada ka biya ko'ina. Kada ka hau bayan babur ɗin kowa. Naka ma ka ɓanɓare hoton nan ko ka bar shi a gida. Ka ci dabinonka na sunna, shi ke nan, ka je gidan Baffanka da yunwa.

In ka shiga ka gaishe shi, ka zauna. Ka ce masa, "Baffa, Auta ne ya aiko ni. Ya ce in faɗa maka ranar nan ba jam'iyya ce ta hana shi ci ba, waina ce da funkaso, kuma kifin Inna Hajjo shi ya rabar a Fagge." Ka faɗa haka ɗin, kada ka gyara mini shi don ya yi kyau. Sannan ka ce, "Yana bakin lungu, wajen masallaci, tun safe bai ci komai ba."

Zan kasance a wurin, in Allah Ya kai mu. Motar farko bayan idi zan hau, da kifin a hannuna, kuma ko Isiyaku ne ya taso daga kabari da basfarsa ba zan hau ba. In Baffanka ya ce a kira ni, ka leƙo ka ɗaga mini hannu. In kuwa ya yi shiru, ko ya ce a kai wa Malam ruwa, ka fito ka faɗa mini gaskiya, kada ka ji tausayina. Zan karɓi ruwan in sha, in ci gaba da zama a wurin har la'asar. Shi ya yi mini wannan zaman shekara ashirin.

Allah Ya yi maka albarka, Ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin ciki. Allah Ya zaunar da ƙasar nan lafiya a hannun waɗanda suka karɓa, Ya sa kada siyasarsu ta shiga tsakanin wa da ƙani. Allah Ya ba Baffanka lafiya, Ya ara mana kwanansa da nawa har mu ga watan Sallah. Ka sa mu a addu'a in ka kai goshinka ƙasa, ni da shi.

Ka huta lafiya.

Mahaifinka,
wanda Baffanka yake kira Auta a da.